Asali da Ƙuri'a: Matsayin Jinsi da Ƙabila Cikin Dabarun Zaɓe na Jam'iyyu, Bisa Misalin Ƙasar Gumel

1.0 Gabatarwa

Maƙasudin wannan takarda shi ne a duba yadda jam'iyyun siyasa suka yi amfani da asalin mutane wajen neman ƙuri'a a arewacin Nijeriya, tun daga kafuwar jam'iyyun a wajen 1950 har zuwa zaɓen 2023. An daɗe ana koya wa ɗalibai cewa siyasar Arewa kokawa ce tsakanin jinsi biyu, watau Fulani masu mulki da Haɓe waɗanda ake mulka, kuma wai jam'iyyar NPC ta Fulani ce, NEPU kuwa ta Haɓe. Mun zaɓi ƙasar Gumel domin mu auna wannan magana, saboda masarauta ce da ba ta taɓa shiga ƙarƙashin tutar Sakkwato ba, kuma gidan sarautarta na Mangawa ne. Idan har jini ne tushen rabuwar jam'iyyu, to ya kamata siyasar irin wannan ƙasa ta bambanta ƙwarai da ta Kano ko Zazzau. Abin da za mu yi ƙoƙarin nunawa shi ne ba haka al'amarin yake ba. Asali makami ne da jam'iyya kan ɗauka in ta ga zai yi mata rana, ta kuma ajiye shi in ta ga zai raba ta da masu ƙuri'a, kuma iyakar da ake shatawa tsakanin "namu" da "bare" takan sauya daga wannan zaɓe zuwa wancan.

2.0 Ma'anar kalmomi

Kafin mu shiga cikin tarihi, ya kamata mu rarrabe kalmomi uku. Da "jinsi" muna nufin raba 'yan Adam bisa launin fata da siffar jiki, tare da da'awar cewa wani rukuni ya fi wani daraja tun daga halitta. "Ƙabila" kuwa taron mutane ne da harshe da al'ada suka haɗa. "Asali" ya fi su duka faɗi a bakin Bahaushe, domin yakan ƙunshi gidan da mutum ya fito, da garinsu, da sana'ar kakanninsa, da kuma ko ɗa ne ko bawa.

Misalin da ya fi fitowa fili na amfani da jinsi a zaɓe shi ne na Amurka. Bayan da aka kafa dokar 'yancin jama'a a 1964 da dokar 'yancin jefa ƙuri'a a 1965, waɗanda suka buɗe wa baƙaƙen fata ƙofa, fararen fata na jihohin kudu suka fusata da jam'iyyar Dimokurat wadda suka daɗe suna bi. Jam'iyyar Rifablikan ta lura da wannan fushi, ta gina dabara a kansa. A zaɓen 1964 ɗan takararta Goldwata jihohi shida kacal ya ci, biyar daga cikinsu na can ƙuryar kudu ne, sa'an nan Nikson ya ci gaba da zawarcin waɗannan masu ƙuri'a a 1968 da 1972. A Afirka ta Kudu ma da alkawarin wariyar launin fata jam'iyyar 'yan kishin Turawan Buwa ta ci zaɓen 1948. A waɗannan ƙasashe dokar ƙasa da kanta ta riga ta shata layi tsakanin fari da baƙi, 'yan siyasa suka tarar da shi a shirye. A ƙasar Hausa kuwa babu layi irin wannan, sai da wasu suka zo suka yi ƙoƙarin shata shi.

3.0 Gumel kafin zuwan Turawa

An kafa masarautar Gumel a wajen 1750, kuma Ɗan Juma ake lasaftawa a matsayin sarkinta na farko. Mangawan da suka kafa ta dangin Barebari ne, saboda haka tun da wuri ta kasance mai biyayya ga Barno. Har yanzu akwai alamun wannan dangantaka a fada, kamar kiran ɗan sarki da laƙabin Maina. Cibiyar mulkin tana Tumbi ne da farko, garin da yanzu yake cikin Jamhuriyar Nijar, kafin a komo da ita Gumel a farkon rabin ƙarni na 19.

Jihadin da Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo ya fara a 1804 ya kawar da gidajen sarautar Kano, Katsina, Zazzau da Daura, ya kuma kafa sababbin masarautu a Haɗeja da Kazaure, amma bai ci Gumel ba. Sai ta zama ƙasar kan iyaka tsakanin dauloli uku: Sakkwato ta kudu da yamma, Barno ta gabas, Damagaram ta arewa. Baturen Jamus ɗin nan mai yawon bincike, Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya sauka a Gumel a 1851, ya same ta ƙarƙashin Barno, tana da babbar kasuwar kanwa da fatake ke zuwa daga nesa. Ta sha yaƙe-yaƙe da Haɗeja, musamman zamanin Sarki Buhari, ta kuma sha matsi daga Damagaram zamanin Sarki Tanimu. Abin lura a nan shi ne Haɗeja ta Fulani ce, Damagaram kuwa sarakunanta daga ɓangaren Barno suka fito kamar na Gumel, amma dukansu biyu sun kai mata hari. Ashe ke nan ƙasa da bayi da hanyar fatauci ake yaƙi a kansu, dangantakar jini ba ta hana kowa ɗaura sirdi ba.

Mazauna ƙasar kuwa gauraye suke: Hausawa manoma, Mangawa, Fulanin gida da na daji, da Buzaye masu raƙuma. Hausa ce ta zama harshen kasuwa da fada, har zuriyar Mangawan da kansu suka koma Hausawa a baki da al'ada. Wasan barkwanci da ke tsakanin Fulani da Barebari, wanda mai zuwa kasuwar Maigatari ran Alhamis zai ji shi da kunnensa, shaida ce ta cewa mutanen nan sun san bambancin da ke tsakaninsu, sun kuma san yadda za su zauna da shi.

4.0 Yadda Turawa suka rarraba mutane

Kano ta faɗi a hannun Ingilishi cikin Fabrairu 1903, Sakkwato cikin Maris, kuma a wannan shekara Sarkin Gumel Ahmadu ya miƙa wuya ba tare da yaƙi ba. Turawan sun zo da wani ra'ayi da ya yi tashe a ƙasarsu a ƙarni na 19, wanda ke cewa duk wata wayewa da aka gani a Afirka wasu masu hasken fata ne daga zuriyar Hamu ɗan Annabi Nuhu suka kawo ta daga arewa ko gabas. Da suka tarar da daular Sakkwato da alƙalanta da tsarin harajinta, sai suka sa Fulani a wannan gurbi. Gwamna Lugga a littafinsa na 1922, da matarsa a nata na 1905, duk sun siffanta Fulani a matsayin jinsin da ya dace da mulki, sauran jama'a kuwa aka haɗa su wuri guda aka kira su Haɓe. Ita wannan kalma ta Fillanci ce, kuma ma'anarta wanda ba Bafillace ba. Babu wata al'umma da ta taɓa kiran kanta da wannan suna kafin a laƙaba mata shi.

Wannan fassara ta saɓa wa tarihin jihadin kansa. Malam Abdussalami na Gimbana, wanda rikicin jama'arsa da Gobir ya zama ɗaya daga cikin musabbaban yaƙin, Ba'are ne. Yakubu, wanda ya karɓi tuta ya kafa Bauci, daga Gerawa ya fito. Masana irin su Abdullahi Smith da Yusufu Bala Usman sun nuna cewa ba a iya fahimtar sauyin da aka yi a ƙarni na 19 ta hanyar ƙirga ƙabilu, sai an duba matsayin malamai da fatake da makiyaya da masu sarauta a cikin al'umma.

Su kansu Turawan ba su riƙe ra'ayin nasu ba inda ya ci karo da buƙatarsu. A 1906 sun mayar da tsohon gidan Haɓe kan gadon Daura. Sun bar Argungu da Abuja a hannun sarakunansu na dā, haka kuma Gumel, wadda suka sa cikin Lardin Kano tare da Haɗeja da Kazaure. Abin da suka nema shi ne sarkin da zai tara haraji ya kiyaye zaman lafiya. Saboda haka En'e ta Gumel ta sami irin kayan aikin da En'e ta Kano ta samu, ko da yake ƙarama ce: baitulmali, kotun alƙali, 'yan doka, gidan yari, da hakimai da dagatai masu karɓar haraji da jangali. Hanyar jirgin ƙasa da ta bi ta Gagarawa ta isa Nguru a 1930 ta jawo ƙasar cikin cinikin gyaɗa, wadda da kuɗinta manomi ke biyan harajin. Iyakar da Ingila da Faransa suka shata tsakanin 1906 da 1908 kuwa ta raba Gumel da Tumbi, ta mayar da 'yan uwa 'yan ƙasa biyu.

5.0 Jam'iyyun farko, 1950 zuwa 1966

An kafa NEPU, watau Jam'iyyar Neman Sawaba, a Kano ran 8 ga Agusta 1950, ita kuma Jam'iyyar Mutanen Arewa ta rikiɗe ta zama jam'iyyar siyasa, NPC, cikin Oktoba 1951. Jam'iyyu uku suka yi takara mai ƙarfi a Arewa, kuma kowace da irin yadda ta kalli asali.

5.1 Dabarar NPC

Taken NPC ya yi kira ne ga Arewa ɗaya da al'umma ɗaya, ba tare da duba addini ko muƙami ko ƙabila ba. Gaskiya ne shugabanta, Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello, jinin Shehu ne, kuma bai ɓoye alfahari da haka ba. Amma in aka duba waɗanda ke kewaye da shi za a ga Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda mahaifinsa Bageri ne, da Shettima Kashim Ibrahim Babarbare, da Makaman Bida Aliyu Banufe, da Ibrahim Musa Gashash wanda asalinsa Larabawan Kano ne. Jam'iyyar da ke son kujerun Barno da Bida da Gumel ba za ta yi gangancin kiran kanta ta Fulani ba. Abin da ta dogara a kai shi ne En'e, ko wane ne a kan gado. Hakimi shi ne idonta a ƙauye, kuma a hannun En'e ake neman izinin yin lacca.

Wannan ba ya nufin NPC ba ta taɓa asali ba. Ta taɓa shi, sai dai ta ɗauke layin daga cikin gida ta kai shi bakin kogin Kwara. Tun daga rikicin Kano na Mayu 1953, wanda ya biyo bayan shawarar neman mulkin kai da Enahoro ya kawo a majalisar Ikko, baren da take nuna wa masu ƙuri'a shi ne ɗan Kudu, wanda aka ce zai mamaye ofisoshi in aka yi gaggawar karɓar mulki. Manufar mayar da aikin gwamnati hannun 'yan Arewa ita ce riba ta zahiri da ta bi wannan kira, kuma da ƙawancen NEPU da NCNC aka riƙa yi mata gori cewa ta sayar da gida.

5.2 Dabarar NEPU

Sanarwar Sawaba ta 1950 ta bayyana cewa gwagwarmayar da ke Arewa tsakanin masu riƙe da En'e ne da talakawa. Ba a musun cewa a bakin wasu masu lacca da mawaƙa kalmar "mulkin Fulani" ta riƙa fitowa, musamman a garuruwan da ke da tsohon ƙorafi game da abin da ya biyo bayan jihadi. Amma Malam Aminu Kano, wanda ya shugabanci jam'iyyar daga 1953, Bafillace ne daga gidan malamai da alƙalai na Genawa, kuma sau da yawa hujjar NEPU a kan sarakuna daga koyarwar shugabannin jihadin take ɗauko ta, tana cewa magada sun kauce wa adalcin da aka yi yaƙi dominsa.

A nan ne Gumel ke da amfani ga mai nazari. A ƙasar da sarki Bamange ne, kiran a kawar da mulkin Fulani ba shi da ma'ana. Bafillacen da talakan Sule Tankarkar ko Maigatari ya sani makiyayi ne wanda ake ƙirga wa shanu a karɓi jangali, watau talaka ɗan uwansa. Duk da haka dukan abubuwan da NEPU ke kuka da su, kamar aikin tilas, da kamu ba bisa ƙa'ida ba, da nauyin haraji, da haɗuwar shari'a da mulki a hannu ɗaya, sun samo tushe ne daga tsarin En'e, wanda yake iri ɗaya a Gumel da Kano da Barno. Ta wannan fuska ne Barno, wadda ita ma ba ta taɓa bin Sakkwato ba, ta haifi tata jam'iyyar adawar a 1954, watau ƙungiyar samarin Barno ta BYM, wadda Ibrahim Imam ya jagoranta daga 1956 ta kuma ƙulla ƙawance da NEPU. Can Barebari ne ke jayayya da En'e ta Barebari.

5.3 Dabarar AG

Jam'iyyar da ta gina yaƙin neman zaɓenta na Arewa kacokan a kan ƙabila ita ce AG ta Cif Obafemi Awolowo. Lissafinta shi ne Arewa ta ƙunshi ƙananan ƙabilu masu jin an danne su, saboda haka ta yi musu alkawarin jihohinsu, ta haɗa kai da UMBC ta Joseph Tarka, da Talaka Parapo ta Ilori, da BYM bayan ta rabu da NEPU a 1958. Hukumar Willink da ta binciki koken ƙananan ƙabilu a 1957 da 1958 ba ta yarda da ƙirƙiro jihohi ba, sai AG ta kai maganar gaban masu ƙuri'a.

Zaɓen tarayya na Disamba 1959 shi ne na farko da aka yi kai tsaye a dukan Arewa, ko da yake maza kaɗai suka jefa ƙuri'a. Kowane ɗan takara da akwatinsa mai alama: fartanya ta NPC, tauraro na NEPU. Daga cikin kujeru 174 na Arewa, NPC ta ci 134, AG da ƙawayenta 25, NEPU 8. Yawancin kujerun AG daga tsakiyar ƙasa suka fito, inda bambancin ƙabila ya haɗu da na addini da kuma tunanin farautar bayi ta ƙarnin da ya wuce. A masarautun Musulmi na can arewa kuwa, ko na tutar Sakkwato ko na ɓangaren Barno, kiran bai yi tasirin da aka zata ba. Darasin shi ne kiran asali yakan ci kasuwa ne inda ya tarar da wani rauni na zahiri da zai hau kai.

6.0 Jamhuriya ta biyu, 1979 zuwa 1983

Mulkin soja ya sauya filin wasan. An ƙirƙiro Jihar Kano a 1967, Gumel tana ciki. An karɓe kotuna da 'yan doka da gidajen yari daga hannun En'e, sa'an nan gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya raba sarakuna da mulkin yau da kullum. Matan Arewa suka sami 'yancin jefa ƙuri'a. Tsarin mulkin 1979 ya hana jam'iyya ɗaukar suna ko alama ta ƙabila ko addini, ya kuma wajabta wa mai neman shugabancin ƙasa ya sami rubu'in ƙuri'u a kashi biyu cikin uku na jihohi 19.

Ƙuri'un Jihar Kano ne suka zama abin gardama a kan wannan sharaɗi. Alhaji Shehu Shagari na NPN ya sami rubu'i a jihohi 12, amma a Kano bai kai kashi 20 cikin ɗari ba, domin Malam Aminu Kano na PRP ya kwashe fiye da kashi 75. Kotun ƙoli ta yarda da lissafin jihohi 12 da biyu bisa uku, ta tabbatar wa Shagari kujerarsa cikin Satumba 1979. Abin da ya shafe mu a nan shi ne manyan 'yan takarar biyu duka Fulani ne, saboda haka ba asali ya raba masu ƙuri'ar Jihar Kano ba. Abin da PRP ta yi alkawari, kuma gwamnatocinta na Kano da Kaduna suka zartar da hawansu mulki a Oktoba 1979, shi ne soke haraji da jangali. Wannan mataki guda ya taɓa manomi da makiyayi a lokaci ɗaya.

Har ila yau, Alhaji Ahmad Muhammad Sani, ɗan Sarkin Gumel, ya riƙe muƙamin kwamishinan watsa labarai a gwamnatin Muhammadu Abubakar Rimi kafin ya gaji mahaifinsa a 1980. Ɗan sarki ke nan cikin gwamnatin jam'iyyar talakawa. A 1981 gwamnatin Rimi ta ƙirƙiro sababbin masarautu a garuruwa irin su Gaya, Rano, Dutse da Auyo, waɗanda ke da tarihin sarauta tun kafin jihadi, ta kuma ɗaga darajar sarakunan da ke wajen birnin Kano. An yi amfani da tsohon tarihi domin a rage ƙarfin fadar Kano, a kuma jawo hankalin yankunan da ke ganin birni ya danne su. Takardar tuhuma da aka aika wa Sarkin Kano Ado Bayero ta jawo tarzomar 10 ga Yuli 1981, wadda aka kashe Dokta Bala Muhammad a cikinta, kuma Sabo Bakin Zuwo ya rushe sababbin masarautun da ya hau a 1983.

Akwai wani salon amfani da asali da ya fito a wannan zamani, wanda ya kamata mutanen kan iyaka su kula da shi. Cikin Janairu 1980 gwamnatin tarayya ta kama Alhaji Shugaba Abdurrahman Darman, shugaban masu rinjaye na GNPP a majalisar Jihar Barno, ta tsallakar da shi Cadi bisa da'awar cewa ba ɗan Nijeriya ba ne. Kotu ta rushe wannan mataki. Amma an riga an nuna cewa layin da Turawa suka shata ana iya mayar da shi wuƙa a yanke abokin hamayya. A ƙasa irin Gumel, wadda tsohuwar cibiyar sarautarta ma tana ƙetare, mutane ƙalilan ne za su tsira in aka ce da wannan ma'auni za a auna kowa.

7.0 Jihar Jigawa: masarauta a matsayin asali

Da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa ran 27 ga Agusta 1991, layin ya sāke matsawa. Jihar tana da ƙananan hukumomi 27 da masarautu biyar: Haɗeja mai 8, Dutse mai 7, sai Gumel da Kazaure da Ringim masu huɗu huɗu. Tambayar da jam'iyyu ke yi game da ɗan takara ita ce daga wace masarauta ya fito. Gwamnonin farar hula da aka yi su ne Ali Sa'ad Birnin Kudu a 1992, Ibrahim Saminu Turaki na ƙasar Kazaure a 1999, Sule Lamido na ƙasar Dutse a 2007, Muhammad Badaru Abubakar na ƙasar Ringim a 2015, da Umar Namadi na ƙasar Haɗeja a 2023. Koken mutanen Haɗeja cewa lokacinsu ya yi yana cikin manyan batutuwan da suka gabaci zaɓen 2023.

Ƙasar Gumel ba ta fito da zaɓaɓɓen gwamna ba a cikin waɗannan zaɓuɓɓuka, amma sau biyu ana ɗauko mataimaki daga cikinta: Ahmad Mahmud Gumel ƙarƙashin PDP daga 2007 zuwa 2015, da Aminu Usman Gumel ƙarƙashin APC a 2023. Ƙananan hukumominta huɗu, watau Gumel, Maigatari, Gagarawa da Sule Tankarkar, mazaɓa ɗaya ce a majalisar wakilai ta tarayya. Sakamakon haka Bamange da Bahaushe da Bafillace na waɗannan wurare sun zama abu guda a lissafin jam'iyyu, ana kiransu mutanen Gumel. Rukunin da Turawa suka raba gida biyu a takardunsu, lissafin kujeru ya haɗe shi, ya kuma raba shi da Bahaushen Ringim wanda harshensu da addininsu ɗaya.

8.0 Abin da ke faruwa a maƙwabta

Ba mu kawo waɗannan bayanai domin mu ce hatsarin ya wuce ba. A Nijar, lokacin zaɓen 2020 da 2021, 'yan hamayya sun kai ƙara cewa Muhammad Bazum, wanda Balarabe ne kuma ya wakilci Taskar ta jihar Damagaram a majalisa, ba ɗan ƙasa ne na asali ba, kuma maganar launin fatarsa ta shiga bakin wasu masu yaƙin neman zaɓe. Kotun tsarin mulki ta wanke takararsa, ya ci zagaye na biyu cikin Fabrairu 2021 da fiye da kashi 55 cikin ɗari, kuma jihar Tawa, wadda yawancin mutanenta Hausawa ne, tana cikin inda ya fi samun ƙuri'a. Soja sun kifar da shi ran 26 ga Yuli 2023.

A Nijeriya kuwa, ta'asar 'yan bindiga a Zamfara da Katsina da Sakkwato ta ba wasu damar farfaɗo da tsohuwar tatsuniyar Haɓe da Fulani a kafofin intanet, suna ɗora laifin miyagu a kan ƙabila baki ɗaya, suna kuma kira da a yi zaɓe bisa wannan rabo. Kamar yadda muka gani a zaɓen 1959, irin wannan kira yakan kama ne inda akwai rauni. Raunin yanzu a bayyane yake: gonaki sun cinye burtali da makiyaya, hamada tana matsowa, shari'a tana jinkiri. Waɗannan matsaloli suna nan a arewacin Jigawa kamar yadda suke a sauran wurare, kuma in ba a magance su ba, wata rana wani ɗan takara zai ga riba cikin sa musu sunan ƙabila.

9.0 Kammalawa

A taƙaice, mun ga layin da ake shatawa tsakanin namu da bare ya sauya wuri aƙalla sau huɗu cikin ƙarni ɗaya. Turawa sun sa shi tsakanin Fulani da Haɓe, NPC ta kai shi tsakanin Arewa da Kudu, NEPU da PRP suka sa shi tsakanin masu sarauta da talakawa, sa'an nan siyasar Jigawa ta mayar da shi tsakanin masarauta da masarauta. Mutumin Gumel bai sauya jini ba cikin wannan lokaci, masu neman ƙuri'arsa ne suka riƙa sauya masa suna gwargwadon buƙatarsu. Saboda haka muna ba malamai 'yan uwanmu shawara da su daina gabatar da tarihin NPC da NEPU a matsayin faɗan ƙabilu biyu, domin ɗalibin da aka koya wa haka shi ne zai maimaita shi gobe a dandalin lacca. Muna kuma kira ga sassan tarihi na jami'o'inmu, musamman na Dutse da Kafin Hausa da Kwalejin Ilmi ta Gumel, da su hanzarta tattara bayanan dattawan da suka ga zaɓen 1959 da na 1979 da idonsu a waɗannan ƙananan hukumomi huɗu, tun suna raye. Allah ya sa mu dace.